Ranar da Ma'azu Ya Bar Ɗanmusa a Saman Sandar Jirgi

A bakin gulbi a Lolo, inda kogin Kwara ke shigowa Najeriya bayan ya raba Benin da Nijar, akwai wani mai fito da ake kira Ma'azu. Shekarunsa arba'in da ɗaya, ba shi da yawan magana da fasinja, kuma ba ya ɗaukar kaya fiye da kima ko an roƙe shi. Ya yi kusan shekara huɗu yana aiki a teku, cikin jirgin shaƙatawa na wani attajiri, ya ga tashoshin ruwa na ƙasashe takwas. A rana ɗaya aka kore shi daga aikin saboda abin da ya yi wa abokinsa, kuma har yau bai ce ya yi nadama ba.

Ubansa masunci ne, ya rasu Ma'azu yana saurayi. Mahaifiyarsa Asama'u, wadda 'ya'yanta ke kira Inna, ta koma garinsu Zagga ta zauna a gidan wanta Attahiru, tare da ƙanwar Ma'azu, Rukayya. Shi kuwa ya tsaya a gulbi. Yana kai mutane da albasa kasuwar Malanbil ta ƙasar Benin, ya dawo da abin da aka ɗora masa. A nan ya tsinci Faransancin kasuwa, ya haɗa da Dandancin da ya tashi da shi.

Da gwamnati ta rufe iyakoki a daminar 2019, aikin fito ya mutu. Ma'azu ya jingine kwale-kwalensa wajen wani ɗan'uwa, ya bi motar kaya zuwa Kwatano. Wata bakwai ya yi yana wanke ƙananan jirage a tasha. Wata rana ana iska mai ƙarfi, wani kyaftin, mutumin tsibiran Cape Verde, ya tsaya yana kallon yadda Ma'azu ya kawo ƙaramin jirgi mai inji ya manna shi a jikin gadar tasha ba tare da ya buga ko sau ɗaya ba. Ya kira shi ya tambaye shi inda ya koya. Ma'azu ya ce a gulbi. Washegari ya fara aiki.

Jirgin fari ne, tsawonsa mita goma sha tara. Yana da inji, amma da iska yake tafiya. A tsakiyarsa akwai sanda, wato dogon bututun ƙarfe mai tsawon mita ashirin da huɗu, wanda ake ɗaure wa manyan ƙyallayen da iska ke turawa. Mai jirgin tsohon Bature ne mai kasuwancin kayan gini a Kwatano. Ba ya son doguwar tafiyar teku. Kyaftin da ma'aikata su ke kai jirgin Lome, ko Tema, ko Abijan, ko Banjul, ko Dakar, shi kuma ya biyo su a jirgin sama da baƙinsa, su yi mako biyu suna yawo a bakin gaɓa, su koma.

Ma'azu ya ce yawancin aikin wanki ne. Gishirin teku yana cin ƙarfe, yana cin igiya, yana cin fata, saboda haka kullum da safe sai an wanke jirgin da ruwan daɗi an goge ƙarafansa. In za a shiga sabuwar ƙasa, shi ke ɗaga tuta rawaya, alamar ba a riga an duba takardunsu ba, sannan ya ɗaga tutar ƙasar da aka zo. Babu mai taka ƙasa sai jami'ai sun zo sun buga hatimi. Shi ke tuƙa ƙaramin jirgin roba da ake kai baƙi gaɓa, shi ke zuwa kasuwa da mai dafa abinci. Salla ce ta fi ba shi wahala da farko, domin jirgin da aka jefa wa anka, ƙarfen da ke riƙe shi a ruwa, juyawa yake yi da iska, mutum ya tayar da kabbara yana fuskantar gabas, kafin ya yi sallama yana kallon yamma. Wani limami a Dakar ya ce masa ya daidaita a farko kawai, sauran ba laifinsa ba ne.

Abin da ya fi damunsa shi ne rashin abokin hira. Shekara guda ya yi bai yi Hausa da kowa ido da ido ba, sai dai in ya ci karo da masu sayar da agogo a kasuwar Abijan. Da kyaftin ya ce yana neman wanda ya iya ɗinki, saboda ƙyallaye da rumfuna da kujerun jirgin kullum suna yagewa, sai Ma'azu ya tuna da Ɗanmusa.

Ɗanmusa tela ne a cikin garin Bagudo. Tare suka yi makarantar allo, kuma shi ya ɗinka wa Ma'azu kayan angonci. Hannunsa a ɗinki ba shi da na biyu, amma bai san ruwa ba, bai iya iyo ba. Da ya zo, kwana uku na farko a kwance ya yi su yana amai a bokiti. Bayan wata shida ma in teku ta tashi sai ya nemi wuri ya maƙale. Duk aikin da ya faɗo kansa na jan igiya ko na hawa sama, Ma'azu ke yi masa. Kyaftin ya gani, ya ƙyale, saboda aiki yana tafiya. Ɗakinsu ɗaya a gaban jirgi, gado biyu, ɗaya bisa ɗaya, wurin bai fi rumbu faɗi ba. Kwano ɗaya suke cin abinci.

A farkon Nuwamban 2022 suna Dakar, wayar Ma'azu ta zame daga aljihun rigarsa ta faɗa ruwa yana ɗaure jirgin roba. Ya ari wayar Ɗanmusa ya kira Rukayya, ya ce mata in da wani abu a nemi wannan lamba kafin ya sayi wata. Bayan mako guda suka tashi zuwa tsibiran Gini Bisau da mai jirgin da baƙinsa, inda babu sabis sai ɗan abin da ba a rasa ba. Mako uku suka yi a can. Ranar da suka shigo Banjul, Ɗanmusa ya same shi a bayan jirgi, ya durƙusa, ya ce yanzu saƙo ya shigo, Allah ya yi wa Inna rasuwa, har an yi sadakar bakwai.

Ma'azu ya ɗauki abin a matsayin ƙaddara. Ya kira gida. Rukayya ta amsa gaisuwa a taƙaice. Kawu Attahiru, aka ce, ya fita. Ya sake kira, aka ce yana barci. Ya ɗauka zafin rashi ne. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya tambaye shi komai. Mutanen gidan sun yi masa kawaici irin wanda aka san su da shi, kuma wannan kawaicin ne ya sa ya yi wata goma sha uku bai san abin da ake faɗi a kansa ba.

A Disamban 2023 ya sami hutu ya zo Zagga. Ya ce tun a zaure ya ji wani abu. Kawu Attahiru ya miƙo masa kan yatsu kawai. Matan gida suka gaishe shi daga nesa. A masallaci mutane suna amsa sallamarsa suna kallon wani wuri. A rana ta uku ya je fadama inda Yero, ɗan Kawu Attahiru, ke ban ruwan albasa. Yero taubashinsa ne, ɗan kawu da ɗan gwaggo, kuma tsakaninsu babu maganar da ta haramta.

"A'a! Bature ya sauka," in ji Yero, bai ko ɗago ba. "Tsaya can, kar ka ɓata takalmi. Laka ce, ba irin taku ta teku ba."

"Bawana, ba ka iya gaida ubangidanka ba?"

"Wane ubangida? Ni ban bauta ma wanda uwatai ta yi kwana tara tana kira, shi ko ya ce aiki ya riƙe shi. Mi suka ba ka can, kifin gwangwani?"

Ma'azu ya ce masa ya sake faɗi. Yero ya ɗago yana dariya, ya ga fuskarsa, ya ajiye abin da ke hannunsa.

Daga fadama Ma'azu ya wuce wajen Rukayya. Ta zauna ta lissafa masa. Sau uku ta kira lambar Ɗanmusa suna Dakar: ranar Litinin da jikin Inna ya tsananta, ranar Alhamis, da ranar Lahadi. A kira na farko Ɗanmusa ya ce zai faɗa masa. A na biyu ya ce ya faɗa masa, Ma'azu ya ce a yi haƙuri, baƙi na zuwa. A na uku, Inna da kanta ta sa aka kara mata wayar a kunne ta ce a ba ta ɗanta, Ɗanmusa ya ce yana kan aiki, ya ce zai kira in ya sami sarari. Ta rasu ranar Talata, kwana tara da kiran farko. Daga Dakar zuwa Zagga, in mutum ya hau jirgin sama zuwa Yamai ya biyo mota, kwana biyu ne.

"Ta tambaye ni ko kai ne ka ce haka," in ji Rukayya. "Na ce mata ban sani ba. Ta juya bango."

Ma'azu ya je gaban kawunsa ya ce a kawo Alƙur'ani ya rantse. Tsohon ya hana.

"Kai ka ce ba a faɗa maka ba, shi ya ce ya faɗa maka," in ji shi. "Na duba ban ga ribar da yaron ga zai ci ga ƙarya ba. Kai kuwa kana da riba ga musu. Bakin da ya ɗaura, shi ka kwancewa. Tashi ka ba ni wuri."

Daga nan Ma'azu bai sake yi wa kowa maganar ba sai Yero. Bai kira Ɗanmusa ba. Ya ce ya san shi tun suna yara: in an tsare shi a waya zai yi musu, in ya ga abin ya yi zafi ya sauka a wata tasha ya ɓace, shi ke nan maganar ta mutu, shi kuma ya zauna da sunan har kabarinsa. Kafin ya koma, har gidan su Ɗanmusa ya je a Bagudo, ya gaida tsohonsa, ya karɓo masa yaji da daddawa da wasiƙar matarsa.

Wata huɗu suka yi bayan haka a ɗaki ɗaya.

"Kwano guda muke ci," in ji Ma'azu. "Shina ba ni labari, ina dariya. In ya yi amai in wanke bokiti. Tsakanin Dakar da Mindelo ta Cape Verde kwana uku ne ba ka ganin ƙasa. Sau biyu ya tsaya bakin jirgi yana zubar da ruwan wanki, babu kowa sai ni. Hannu guda ya isa. Amma in na tura shi, wa zai faɗa ma Kawu?"

Abin da yake nema shi ne wurin da Ɗanmusa ba zai iya gudu ba, kuma bakinsa yana aiki. A jirgi irin wannan wuri ɗaya ne. A jikin sanda, wajen mita goma sha shida daga ƙasa, akwai ƙarfe da ya gicciye ta. Ana naɗe bakinsa da fata a ɗinke, don kada ya yaga ƙyallen in iska ta manna shi. Ba a sauko da ƙarfen, sai dai mutum ya hau ya ɗinka a can. Yadda ake hawa kuwa, mutum ya zauna a cikin kujerar tamfol da aka ɗaura wa igiya, igiyar ta bi ta ƙolin sanda ta sauko, wani a ƙasa yana naɗe ta a jikin wani ƙarfe mai kamar turmi yana murza hannunsa. Wanda ke sama ba shi da ikon hawa ko sauka. Duk yana hannun na ƙasa.

Kusan shekara uku Ma'azu ke hawa ya yi wannan ɗinki a madadin Ɗanmusa. A watan Afrilun 2024, da suka isa Mindelo, ya hau duba fitila, ya sa reza ya tsinke zaren fatar ta ɓangaren dama. Bayan kwana biyu iska ta buɗe ta tana kaɗawa. Ya nuna wa kyaftin, ya ce shi ɗinkinsa ba ya riƙewa, ga tela a jirgi, ya kamata a yi shi sau ɗaya da kyau. Kyaftin ya yarda, ya ce a yi ranar Juma'a da la'asar in ya dawo daga ofishin tasha, domin ba ya yarda a hau sanda ba ya nan.

Ma'azu ya zaɓi Mindelo ne saboda abu uku. Akwai sabis mai ƙarfi. Iska ba ta kwanciya a wannan tasha, jirgi yana rangaji ko a ɗaure yake, kuma ɗan rangajin da ba ka ji a ƙasa, a sama lilo ne. Sannan agogon can yana bayan na gida da awa biyu. Ƙarfe goma sha biyu da rabi a Mindelo, an sauko daga Juma'a a Zagga, dattawa sun zauna a ƙofar gidan Kawu Attahiru kamar yadda suka saba. Ya aika wa Yero saƙo ya kasance a wurin da waya cike da caji.

Kyaftin ya fita da ƙarfe goma sha ɗaya, mai dafa abinci ya tafi kasuwa. Ma'azu ya ce wa Ɗanmusa kyaftin ya canza magana, yana son ya tarar an gama.

"Ma'azu, ka san ni da sama," in ji Ɗanmusa.

"Ni ka riƙe da igiya. Ka taɓa ganin na saki wani?"

Ya ɗaura masa kujerar, ya ƙara igiya ta biyu a ƙirjinsa kamar yadda doka ta ce, ya duba ƙullin sau biyu. Ya murza shi sama a hankali yana ce masa kada ya dubi ƙasa. Da ya kai wajen ƙarfen, ya kulle igiyoyin duka. Ya bar shi ya yi ɗinkin tukuna, wajen rabin awa, saboda, in ji shi, aikin kyaftin ba shi da laifi. Da Ɗanmusa ya yi kira cewa ya gama, sai Ma'azu ya kira Yero, ya buɗe muryar wayar, ya sa ta a bokitin kayan aiki, ya ja siririyar igiyar bokitin har ya kai gaban Ɗanmusa. Sannan ya zauna.

Yero ya naɗi duk abin da aka faɗa a wayarsa. Muryar Ma'azu daga nesa take fitowa, yana ɗaga ta saboda iska.

"Ɗanmusa, ga Kawu Attahiru nan cikin bokiti, da mutanen Zagga. Gaishe su."

Ɗanmusa ya ce, "Wane irin wasa ne wannan? Sauko da ni."

"Faɗa musu ranar da ka gaya min Inna ba ta da lafiya. Wace rana ce? Ina muke zaune? Mi na ce maka?"

"Ma'azu, don girman Allah, jiri nake ji. Mu yi maganar ga a ƙasa."

"A ƙasa ka yi wata goma sha bakwai ba ka yi ta ba."

Ɗanmusa ya yi musu da farko. Ya ce ya faɗa masa a Dakar, wataƙila Ma'azu bai ji ba saboda ƙarar inji. A nan ne ake jin ihu a cikin naɗin. Ma'azu bai ɓoye abin da ya yi ba: ya buɗe makullin igiyoyin ya sake su kamu ɗaya, ya sake kullewa. Kamu ɗaya ba komai ba ne, amma wanda ke rataye a sama bai san iyakar sakin ba.

"Ban ji ba saboda inji," in ji Ma'azu. "To yanzu ba inji. Sake faɗi."

Sau biyu ya yi haka. Bayan na biyun Ɗanmusa ya fara magana, yana kuka, bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe. Ya ce bai faɗa masa ba, ko sau ɗaya. Ya ce a Dakar ya ji kyaftin yana gaya wa mai jirgin cewa in Ma'azu ya taɓa tafiya, akwai wasu 'yan'uwa biyu a Mindelo da zai ɗauka tare, domin telan ba ya iya komai in ba Ma'azu. Ya ce ya ɗauka Inna za ta tashi, ta saba wannan ciwon. Ya ce da Rukayya ta matsa, sai bakinsa ya riga shi, ya ce Ma'azu ya ce a yi haƙuri. Da ta rasu kuma ya rasa ta inda zai fara.

"Da ta ce a ba ta ɗanta, ina nake?" in ji Ma'azu.

"Kana nan bayan jirgi kana wanke kifi."

"Taki nawa tsakaninmu?"

"Ban sani ba. Goma."

Daga ɓangaren Zagga ana jin salati da muryoyi suna hawa kan juna. Sai muryar Kawu Attahiru ta fito kusa da wayar.

"Mun ji. Ma'azu, mun ji. Sauko da ɗan mutane."

Yero ya sa baki: "Ubangida, sauko da shi hakanan, kar ya yi muna fitsari bisa kai."

Ma'azu ya jawo bokitin ƙasa, ya kashe wayar. Bai sauko da Ɗanmusa ba. Ya koma inuwar rumfa ya zauna yana kallonsa. Da aka tambaye shi me yake jira tunda ya sami abin da yake so, ya ce bai sami komai ba tukuna, na Kawu ne aka biya, nasa bai fara ba. Mutanen jiragen da ke kusa sun fito suna kallo. Wata Baturiya a jirgin da ke maƙwabtaka da su ta yi masa magana da Faransanci, ya yi kamar bai ji ba, ta aika a kira kyaftin. Kyaftin ya zo da gudu, ya ture shi gefe, ya sauko da Ɗanmusa da hannunsa. Awa ɗaya da minti arba'in ya yi a sama. Ƙafafunsa sun mutu, cinyoyinsa sun yi jini inda tamfol ya ci su, sai da aka ɗauke shi zuwa ɗaki.

Kyaftin ya saurari labarin duka a tsaye. Ya ce abin da telan ya yi mugun abu ne, kuma da shi aka yi wa, bai san abin da zai yi ba. Amma ya ce wanda ya riƙe igiyar mutum ya yi ciniki da ita, ba zai sake riƙe igiya a jirginsa ba, domin shi ma yana hawa sandar. Ba a kira 'yan sanda ba, mai jirgin ba ya son abin da zai tsare masa jirgi a tasha. Aka ba Ma'azu fasfonsa da tikitin jirgin sama zuwa Dakar. Ɗanmusa aka bari, saboda babu wani tela.

Ranar da Ma'azu ya iso Zagga, Kawu Attahiru ya taso daga tabarmarsa ya tarye shi a bakin hanya, ya riƙe hannunsa da hannu biyu a gaban jama'a, ya ce shi ma yana neman gafara. Rukayya ta yi kwana biyu ba ta iya haɗa ido da shi ba. Ya karɓo kwale-kwalensa, ya sa aka sake masa katakon ƙasa, ya koma fito.

Amma maganar ba ta mutu ba. A Bagudo, dangin Ɗanmusa suna cewa wanda aka rataye a sama zai amsa ko an ce shi ya kashe kakarsa. Wasu a Zagga ma sun ɗauki wannan, suna cewa Allah kaɗai ya san gaskiyar mutum biyu a cikin teku. Akwai matan da ba su shiga kwale-kwalen Ma'azu, suna jiran na gaba. Ya san da su, yana kuma iya faɗin sunayensu.

Ɗanmusa bai zo gida ba tun lokacin. Da aka same shi a waya jirgin yana Banjul, ya ce abin da ya faɗa a sama ya faɗa, ba shi da ƙari, kuma yana son ya zo ya ga tsohonsa da ya fara rasa ido. Ya ce ya aika wa Ma'azu saƙon neman gafara sau da yawa, ba amsa.

A watan azumin da ya wuce, tsohon da kansa ya sa aka kawo shi Lolo a bayan babur, tare da limamin unguwarsu. Suka sami Ma'azu a bakin gulbi yana gyaran inji. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya durƙusa ya gaishe su. Liman ya yi wa'azi a kan yafiya da falalar watan. Tsohon ya ce shi ba ya kare ɗansa, roƙo ya zo yi, a bar yaron ya shigo gari ba tare da fitina ba.

"Baba, ni ban tare hanya ba," in ji Ma'azu. "Shi zo. Amma ranar da ya zo, kafin ya shiga gidanku, sai mun tafi Zagga ni da shi, ranar Juma'a. Ya tsaya bisa ƙafafunai, ba igiya, ba kowa riƙe da shi, ya sake faɗin abin da ya faɗi. Sannan ya shiga cikin gida ya faɗa ma Rukayya."

"In ya yi haka ka yafe?" in ji liman.

"In ya yi haka na bar shi ya wuce. Yafiya ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma mai rabinta tana ƙasa."

Suka tashi ba su sami fiye da haka ba. Ma'azu ya raka su har wajen babur, ya riƙe tsohon ya hau.

Hanya biyu ce mai zuwa Bagudo daga Kwatano zai bi: ko ta mota ya shigo ta Tsamiya, ko ya sauka Malanbil ya biyo gulbi. Ma'azu ya yi magana da direbobin da ke bin ta farko, masu fiton ta biyu kuwa duk abokan aikinsa ne. Ya ba kowannensu lambar wayarsa da kamannin Ɗanmusa.